Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Kimiyya na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi



Daga Gesse nake rubuto muku a kan cutar maltiful sikilarosis, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta cinye rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Ƙafa ta mutu, gani ya dushe, a samu sauƙi, sannan ciwon ya dawo. Charcot, likitan Faransa, ya siffanta ta a 1868.

Birai sun biya farashi mai tsada kafin a fahimce ta. A 1933, Thomas Rivers na Cibiyar Rockefeller a Amurka ya riƙa yi musu allurar ruwan ƙwaƙwalwar zomo har jikinsu ya afka wa jijiyoyinsa, wasu suka shanye. Daga baya masu bincike a Holand suka ci gaba da ƙananan biran mamoset, saboda garkuwar jikinsu ta fi ta ɓera kama da tamu.

Ina roƙonku ku koya wa ɗalibai wannan tarihi tare da azabar da ke cikinsa. Biri yana jin zafi, addininmu kuma ya hana azabtar da dabba. Kada a taɓa jan birin dajinmu da sunan bincike sai da ƙa'ida da kwamitin sa ido.

Buƙatarmu ta gaggawa ita ce gano masu ciwon. Matashiyar da ƙafarta ta shanye a ƙauyukan Argungu, iska ko sammu ake fara zargi, alhali hoton MRI ne ke nuna tabon ƙwaƙwalwa. Ku haɗa kai da likitocin jihar nan ku fara tattara bayanan irin waɗannan marasa lafiya.

Naku,
Wani mazaunin Gesse, Birnin Kebbi