Motar Iyali Ba Akori-Kura Ba Ce

Jama'a, da kaka ta yi sai ka ga manomi ya labta wa tsohuwar motarsa gero buhu biyar daga Alƙalawa zuwa kasuwar Isa, ya ɗura wa tayoyi iska tam, sa'an nan ya riƙa kukan jijjiga. To, laifin wa? Buhu guda kilo 100 ne. Nauyi ke kashe shokozoba, yawan iska kuwa ke sa taya tsalle.

Shawarata, auna iska da safe, gwargwadon adadin da ke jikin ƙofar direba. Danna gefen motar ka saki; in ta yi ta lilo, sake shokozoba biyu tare. Gero kuwa, bar wa amalanke. Ran da za ka kai mai naƙuda asibitin Sabon Birni, ka gode mini.