MU SAN DAJINMU: Gashin duji

Makiyayi kan tsinci gashin tsuntsu ƙarƙashin babban icce, gawo ko tsamiya ko kuka. Gashin dogo ne, ya zarce taƙi guda, launin toka da ratsi-ratsi masu duhu. Wani ya ce na shaho ne, wani ya ce na angulu. Gane shi ba wuya.

A shafa shi da yatsa. Gashin shaho da na angulu suna da ƙarfi da santsi. Na duji laushi gare shi kamar karan-miski, bakinsa na baya kuma yana da geza. In gashin gaban fiffike ne, za a ga ƴan haƙora ƙanana jere a gefe guda kamar na matsefi. A kaɗa shi kusa da kunne: ba a jin komi. Don haka ne kusu ba ya jin zuwan duji sai ya ji shi bisa kansa.

Duji iri-iri ne. Babbansu ya fi duk mujiyoyin Afirka girma. Tsawonsa ya kan kai santimita 65, macen kuma ta fi namijin nauyi, tana kai kilo 3. Idonsa baƙi ne, fatar idon ja-ja. Ana samun shi inda manyan itatuwa suka rage, kamar gandun dajin W, kudu da Yamai. Ƙanensa, wanda aka fi gani kusa da gari da wajen duwatsu, bai kai shi ba.

Duji ba ya gina sheƙa. Tsohuwar sheƙar angulu ko ta gaggafa ya kan shiga. Macen ta kan yi ƙwai 2, ta kwanta bisansu fiye da wata guda, amma yawanci ɗa guda ke rayuwa. Tsuntsu mai ƙarancin haihuwa haka, in an kashe biyu an gama da gida.

Ana cewa kukansa mugun labari ne, har yara su bi shi da jifa. To a duba gindin iccen da yake wuni. Za a ga ƴan dunƙule-dunƙule da ya amayar. A fasa guda da kara: gashin kusu ne da ƙasusuwansa, wato ɓarawon hatsi. Wani lokaci har da fatar bushiya, don duji na feɗe ta, ya ci nama, ya yar da ƙaya.

Gaskiya ne yana ɗaukar zabo ko kaza da ta kwana bisa icce. Maganin wannan akurki ne mai rufi.

Mai zuba maganin kusu wajen rumbu ya riƙa tsince matattun da safe yana binnewa da zurfi, don duji da ya ci kusu mai guba shi ma yana iya mutuwa.