Tafi ba ya biyan kuɗin magani



Bara waccan an kira ni wani taron bita na kwana uku a nan Ƙonni. Wata ƙungiya mai zaman kanta ce ta shirya shi. Ba zan kama sunanta ba, don ba ita kaɗai ke da wannan hali ba. An rubuta taken taron da manyan baƙaƙe a jikin ƙyalle, da Faransanci: raya al'adun gargajiya don zaman lafiya. Mu wajen talatin muka zauna cikin sanyin na'ura, kowa da gorar ruwa da biro da ɗan littafi. Ranar buɗewa aka kawo makaɗa shida da kalangu da ganga, suka tsaya bakin ƙofa cikin rana tun hantsi suna jiran manyan baƙi. Da baƙin suka iso suka kaɗa, aka yi tafi, aka ɗauki hoto, aka shige aka rufe ƙofa.

Da yamma muka yi layi muka sa hannu, kowa ya karɓi perdiyam ɗinsa, jaka goma. Su kuwa su shida aka haɗa musu jaka biyar, wai kuɗin goro. Na gani da idona. Na lanƙwashe tawa na sa aljihu, ban ce uffan ba.

Shugaban makaɗan nan dattijo ne na unguwarmu, tun ina yaro nake jin kalangunsa. Wata biyu bayan taron ciwo ya kwantar da shi. Na je gaishe shi, na tarar da takardar magani ƙarƙashin matashi, ta kwana huɗu ba a saya ba. Ina nan zaune sai ga abokan sana'arsa biyu sun shigo da leda daga farmasi. Ashe suna da asusu. Kowace Laraba in kasuwa ta tashi, kowa ya sa dala ɗari, ko an samu biki a makon ko ba a samu ba. Daga ciki ake sayen magani, a canza fatar ganga in ta fashe, a ba wanda aka yi wa haihuwa gudummawa, a yi wa wanda ya rasu sutura.

Na ce, "Baba, ai da kun aiko mini." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Ɗana, ku ƴan lakkwal kuna ce muna maroƙa. To wa ya hi wani roƙo? Mu dai sai mun yi gumi a ba mu. Ku ko zama kukai a ba ku."

Tun ranar maganar nan take cina, shi ya sa na rubuta wannan. Abin da nake so mu gane shi ne, daga Ƙonni zuwa Malbaza har Illela, abin da ke riƙe da masu fasaha shi ne ƴan ƙungiyoyin da suka kafa wa kansu. Hukuma na tunawa da su ranar biki. Ƴan siyasa na tunawa da su lokacin kamfe. Masu ba da tallafi na tunawa da su in suna son waƙar riga-kafi ko ta gidan sauro. Ranar ciwo kuwa, asusun Laraba kaɗai ke nan. Kuma mu da muke ta kururuwar kishin ƙasa, ko kallon wannan asusu ba mu yi.

Mu ƴan boko mun ɗauka ƙungiya sai wadda ke da hatimi da takardar izini da sakatare janar. Alhali tun kafin Bature ya zo kowace sana'a a ƙasar Hausa tana da shugabanta: sarkin makaɗa, sarkin maƙera, sarkin dukawa, sarkin magina. A fadar Sarkin Ƙonni da ta Sarkin Adar a Illela ba baƙon tsari ba ne. Shugaban sana'a ke raba gardama in makaɗa biyu sun yi karo a biki ɗaya. Shi ke sa ido a kan rabon abin da aka samu, daga mai waƙa har ƴan amshi da yaron da ke ɗaukar kaya. Ta hannunsa baƙon makaɗi ke shiga gari. Koyarwa kuwa kyauta ce: yaro ya bi maigidansa shekara da shekaru, ya ci a gidansa, har hannunsa ya faɗa. Kuma kowace sana'a da kiɗanta, mahauta da kalangu, manoma da gangar noma. Wato wannan tsari shi ne makarantarsu, shi ne kotunsu, shi ne asusun lafiyarsu, ba tare da ko dala ta gwamnati ba.

Yanzu ku dubi abin da ya auka wa wannan tsari cikin ƴan shekarun nan. Mai kiɗa a Ƙonni bai san iyaka ba. Illela ta Najeriya tana nan kusa, kilomita kaɗan, rabin bukukuwansa can suke, har zuwa Gwadabawa da Sakkwato. Baduku ma haka, mai tukwane haka, mai ɗinkin hula haka. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Ana cikin haka korona ta hana taro. Bayan 26 ga Yuli 2023 takunkumin CEDEAO ya sake rufe hanyar, sai Maris 2024. Ga naira ta faɗi, abin da aka liƙa wa mawaƙi a can in ya canza shi zuwa sefa ko kuɗin mota da kyar. An yi ta maganar asarar ƴan kasuwa da masu albasar Galmi, kuma gaskiya ne sun yi asara. Amma ni ban ji an ƙirga makaɗi ko baduku cikin waɗanda abin ya shafa ba. Wasu sun sayar da kayan kiɗa sun koma kabu-kabu. Wasu sun tafi bida, ba su dawo ba. Waɗanda suka rage, adashensu ya riƙe su.

Kada a ce ƙasar nan ba ta taɓa sanin darajar al'ada ba. Ta sani. A Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, kuma har yau in an shiga kokowar takobi gari kan tsaya cik. To wa ke tsima ɗan kokowa in ba makaɗi ba? A zamanin Seyni Kunce aka farfaɗo da samariya, kowane gari da ƴan rawarsa da ƴan wasan kwaikwayonsa, ana gasa daga unguwa har matakin ƙasa. An kuma kafa gasar kiɗa da sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin jiharmu ta Tawa. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya, akwai kuma BNDA, ofishin kare haƙƙin masu ƙirƙira.

Amma akwai darasi a cikin samariya da bai kamata ya wuce mu ba. Gwamnati ce ta riƙe ta, ita ke ba ta abinci, ita ke gaya mata abin da za ta rera. Da mulkin ya wuce, samariya ta bi shi. Sarkin makaɗa kuwa, da ba wanda ya taɓa ba shi albashi, yana nan. Saboda haka ni ba kira nake a kafa wata sabuwar ƙungiya daga sama ba, a naɗa mata ɗan wani, a saya mata mota. Waɗanda ke akwai nake so a tallafa wa, a bar su da shugabanninsu.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Na yi murna, kun yi murna, mun cika Facebook da tuta. To amma wa ya riƙe Hausar nan shekarun da ake hukunta yaro a lakkwal in ya yi ta a aji? Mawaƙa ne, da ƴan kama, da zabiyoyi, da masu tatsuniya, da ƴan wasan kwaikwayo irin su Yazi Dogo. Kirarin garuruwanmu, salsalar gidaje, sunayen jarumai, kalmomin noma da farauta da ko ƙamus bai san su ba, duk a bakinsu suke. Ba zai yiwu mu ɗaga harshe sama mu bar masu ɗauke da shi da takardar magani ƙarƙashin matashi ba.

Kuma abin nan in ya tafi ya tafi. Ku tuna Malam Mamman Barka. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin tafkin Cadi wajen Bukar Tar, wanda ake ganin shi ne gwanin ƙarshe na biram, kayan kiɗan Buduma. Ya koya, ya kai biram har Turai. Da ya yi jinkiri kaɗan da ya tarar da kabari. Shi kansa ya rasu a 2018. Tsofaffi nawa ke tsakanin Tsarnawa da Dogarawa da Badagishiri da Tajaye da ba wanda ya je wajensu?

Yanzu in dawo kanmu, don laifin ba na hukuma kaɗai ba ne. Mu ne muke zuwa wajen mai tura waƙa a kasuwa mu cika kart memuwar da dala ashirin, wanda ya rera bai ga ko sisi ba. Mu ne in za mu yi aure muke biyan mai sono ba ciniki, amma in makaɗi ya zo sai a ce a sallame shi. Mu ne muke kiran yaron da ke zana allunan shaguna ya yi wa ƙungiyarmu tambari, in ya nemi kuɗi mu ce ai aikin al'umma ne. Mu ne muke rawa da kiɗan mutum, gobe ɗansa ya zo neman ƙanwarmu mu ce ba a aure da gidan roƙo. Wallahi wannan ba kishin al'ada ba ne, cin amana ne.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. Za a ce ana fama da tsadar hatsi da ɓarayin daji, wa ke ta kiɗa? Amsata ita ce makaɗi ma magidanci ne, tiyar hatsi ɗaya muke saye da shi. Ba sadaka na nema masa ba, ladan aikinsa na nema. Wani zai ce ƙungiyoyin nasu ma ba waliyyai ba ne. Haka ne. Akwai shugaban da ke ware wa kansa bukukuwa masu tsoka. Akwai inda mata masu kiɗan ƙwarya ba su da ta cewa, alhali su ke riƙe da rabin bukukuwan gari. Akwai raini tsakanin tsofaffi da yaran da ke rap a ƙananan studiyo. Akwai kuma wasa duk wanda ya hau kujera. Duk na yarda. Amma mutumin da ba shi da farashi, ba shi da yarjejeniya, abincinsa na hannun mai kyauta, yaya ba zai wasa mai kujera ba? Ku biya shi haƙƙinsa, ku ga ko bakinsa ba zai buɗe ba.

Ga abin da nake ganin za a iya, ba sai an jira Yamai ba.

Na ɗaya, ƙungiyoyin masu fasaha na Ƙonni da Malbaza da Illela su zauna su tsaida farashi, a rubuce. Duk ƙungiya ko ofis ko jam'iyyar da ke son kiɗa ko wasa ko zane, ta sa hannu kafin a taɓa ganga. Kalmar kuɗin goro ta fita daga tsakani.

Na biyu, kowane komin, ko zaɓaɓɓen magajin gari ke riƙe da shi ko wanda aka naɗa, ya ware wa al'adu kaso a kasafinsa, ya kuma liƙa shi a allo kowa ya gani. Gidan matasa da al'adu kuwa a ware wa ƙungiyoyin nan ranakun gwaji kyauta. Don su aka gina shi.

Na uku, BNDA ta riƙa saukowa ranar kasuwa, ta yi bayani da Hausa, ta yi wa mutane rajista a nan. Dattijon da bai iya sayen magani ba, ba zai iya kuɗin motar Yamai ba.

Na huɗu, masu hannu da shuni na yankin nan, daga masu siminti a Malbaza har manyan dillalan albasa da masu motocin sufuri, in za ku taimaka ku zuba a asusun ƙungiya. Liƙi a goshi ranar biki na mutum ɗaya ne, na dare ɗaya.

Na biyar namu ne. Mu da muka yi karatu mu ba su alƙalaminmu: mu rubuta musu dokokin ƙungiya, mu bi musu takardar izini, mu koya wa yaransu riƙe littafin kuɗi. Amma kada mu zauna musu kan kujera, don na san halinmu. Kowace fada ta zaɓi tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya, a je da salula a naɗi waƙa da bayani, da izininsu, a biya su, a bar musu kwafi.

Ni dai na fara da kaina. Jaka goman nan ta ranar farko na mayar da ita asusun Laraba, kuma na gaya wa mai riƙon asusun daga inda ta fito. Sauran kwana biyun ina biya a hankali. Baba ya miƙe, alhamdu lillahi, ko da yake hannun bai koma kamar da ba.

In a unguwarku akwai irin wannan asusu, ku je ku tambayi ranar zubi. Laraba mai zuwa bayan la'asar ni zan koma, kuma akwai wuri a tabarma.