Jam'iyyar NPC da tsarin firaminista: Darasi daga gaɓar Kainji

A watan Fabrairun 2024, wasu 'yan majalisar wakilan Najeriya su kimanin 60 suka gabatar da ƙudurin mayar da ƙasar bisa tsarin firaminista. Hujjarsu ita ce tsarin shugaban ƙasa yana da tsada, kuma yana tara iko a hannun mutum guda.

Ga mutanen Shanga, Yauri da Ngaski a jihar Kebbi, wannan tsari ba baƙo ba ne. A ƙarƙashinsa ne aka yanke shawarar da ta sauya taswirar yankinsu, kuma jam'iyyar NPC ta masu ra'ayin riƙau ce ke jan ragamar mulki a lokacin.

An kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa ne a 1949 a matsayin ƙungiyar al'adu, kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. Ƙarfinta ya dogara ne a kan sarakuna da ma'aikatan En'e, abin da ya sa ta yi kaka-gida a Lardin Sakkwato, wanda masarautar Yauri ke cikinsa.

Manufarta ita ce a kawo sauyi sannu a hankali ba tare da rusa sarauta ba. Wannan ne ya sa a 1953 Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya ƙi amincewa da ƙudurin Anthony Enahoro na neman mulkin kai a 1956, yana ganin Arewa ba ta shirya ba tukuna.

A zaɓen 1959, NPC ta samu kujeru 134 daga cikin 312. Da yake ba ta kai rinjaye ba, dole ta haɗa gwiwa da NCNC kafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati, yayin da AG ta Obafemi Awolowo ta zama babbar 'yar adawa.

Magoya bayan NPC kan kafa hujja da ayyuka irin su jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, da shigar da 'yan Arewa aikin gwamnati, da kuma madatsar ruwan Kainji da aka fara ginawa a 1964.

To sai dai madatsar, wadda aka kammala a 1968 a zamanin soja, ta raba mutane fiye da dubu 40 da matsugunansu. Ruwa ya haɗiye tsohon garin Bussa da tsibiran Gungawa, tare da fadamun da suke nomawa.

Masu sukar jam'iyyar kuwa, musamman 'yan NEPU ta Malam Aminu Kano, sun zarge ta da amfani da kotunan alƙalai da 'yan doka wajen muzguna wa 'yan adawa. Haka kuma matan Arewa ba su samu 'yancin jefa ƙuri'a ba a tsawon mulkinta.

Rikicin zaɓen 1964 ya raunana tsarin, sannan juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 ya kawo ƙarshensa. Da farar hula suka dawo a 1979 bisa tsarin shugaban ƙasa, Shehu Shagari, tsohon minista a gwamnatin NPC, shi ne ya yi nasara.

Idan aka koma tsarin firaminista, wakilin mazaɓar Ngaski, Shanga da Yauri zai kasance cikin waɗanda ke iya ɗora gwamnati ko kayar da ita, abin da zai ƙara wa ƙuri'ar manomi da masunci daraja.

Amma tarihin NPC ya nuna cewa wannan daraja ba ta tabbata sai inda 'yan adawa ke da 'yancin yaƙin neman zaɓe, kuma wakili ya fi tsoron masu zaɓensa a kan shugabannin jam'iyyarsa.