Haki da rawar jiki ba su ne shaidar ƙarya ba



Kwanakin baya wata uwa ta kawo ɗanta mai shekara tara asibiti, bayansa duk shatin bulala. Naira dubu biyu ce ta ɓata a gida. Na ce, "Hajiya, ta yaya kika san shi ya ɗauka?" Ta ce, "Sista, ina tambayarsa ya fara haki, jikinsa na ɓari, zufa na keto masa." Ba su bar asibitin ba sai ga kiran maigidan: kuɗin suna aljihun rigarsa.

Mun saba cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Amma wanda aljihunsa ba kowa, shi ma yakan razana idan aka daka masa tsawa.

A kan irin wannan tunani aka gina na'urar gano ƙarya, wadda wani ɗan sandan Amurka, John Larson, ya haɗa a 1921. Ana ɗaura wa mutum ɗamara a ƙirji da ciki don auna numfashi, da abin awon jini a dantse, da wasu wayoyi a yatsu masu auna zufa, sannan a yi masa tambayoyi. Na'urar ba ta ganin ƙarya, tashin hankalin jiki kawai take rubutawa.

Shi kuwa jiki, da zarar tsoro ya shiga sai ya saki sinadarin adrenalin: zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, tafin hannu ya jiƙe. Ko ajiyar zuciya ɗaya tana iya sauya bugun zuciya da awon zufa. Kullum muna gani a wurin aiki, mutum lafiyarsa lau amma jininsa ya hau don kawai ya ga farar riga.

Shi ya sa mai gaskiya kan faɗi gwajin, gwanin ƙarya ya haye. Aldrich Ames, jami'in leƙen asirin Amurka da ke sayar wa Tarayyar Sobiyet sirri, ya haye shi a 1986 da 1991, sai a 1994 aka kama shi. A 2003 majalisar masana kimiyya ta ƙasar ta yi nazari ta ce hujjar ingancin na'urar tana da rauni.

To idan na'ura tana kuskure, ina ga idon uwa mai fushi?

Idan abu ya ɓata, 'yar'uwa, ajiye bulalar. Ja yaron gefe, ba gaban ƙannensa ba. Zaunar da shi, ba shi ruwa, bari numfashinsa ya daidaita, naki ma haka. Ce masa, "Faɗa mini abin da ya faru," maimakon "Kai ka ɗauka!" Sannan ki bincika. Haka ma 'yar aiki da ɗan riƙo, don su ne zargi ya fi faɗa wa.

Yaron da aka daka bisa gaskiyarsa yakan koyi cewa gaskiya ba ta fid da mutum. Shatin bulala zai warke cikin mako, wannan kuwa yakan daɗe.

Ko kin taɓa zargin ɗanki daga baya gaskiya ta fito? Ya kika ba shi haƙuri? Ina jiran ji daga gare ku. Allah Ya shirya mana zuri'a.