KADA A SAYAR DA GONA KAFIN A SAN ABIN DA KE CIKINTA

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal da Anacha, kusan kowannenmu ya bar gona a gida, ko ta gado ko wadda ya saya da guminsa. To, maganar yau ta shafi wannan gona, musamman ga mutanen Jihar Kaduna, tun daga Mararrabar Rido har zuwa Kafancan da kewayenta.

Arzikin ƙasar nan ba sabon labari ba ne. Tun a 1928 masu haƙar kuza suka tono gumakan yumɓu a Nok. A 2016 kuma Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar cewa wani kamfani mai alaƙa da Ostireliya ya gano ƙarfen nikel a Dangoma, cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a, ƙwaya-ƙwaya cikin ƙasar da ake nomawa. Manoma sun shekara da shekaru suna juya wannan ƙasa da garma, amma sai da baƙo ya auna ta aka san darajarta.

Akwai wata na'ura da masu binciken ma'adinai ke yawo da ita, ana kiranta XRF. Hannu ɗaya ke riƙe ta. Idan aka ɗora bakinta a kan ƙasa, sai ta harba haske irin wanda asibiti ke ɗaukar hoton ƙashi da shi. Kowane ƙarfe da hasken ya taɓa yakan mayar da nasa haske dabam, daga nan na'urar ta karanta ta rubuta sunansa da yawansa. Cikin kamar minti ɗaya za a ga ko akwai nikel, ko tagulla, ko kuza, ko dalma. A da sai an ƙulle ƙasa a buhu an aika ɗakin bincike, a yi makonni ana jira. Yanzu mutum biyu suna iya auna wurare da yawa kafin la'asar, su zana taswirar inda ya kamata a haƙa.

Saboda haka wanda ya zo da wannan na'ura ya san abin da ke cikin gona, mai gona kuwa bai sani ba. Cinikin da ɗaya ke gani ɗaya kuma yana cikin duhu, ai ba ciniki ba ne. Tsoho a ƙauye zai ga an taya fegi da kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, ya yi murna, ɗansa da ke Ikko ya sa albarka ta waya, alhali kuwa an sayar da akuya ne da ciki.

Gaskiya ne, tsarin mulki ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa. Amma dokar ma'adinai ta 2007 ta nemi a sami yardar mai ƙasa, a biya shi diyya, kuma mai haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya gari da jama'a kafin ya fara aiki. Wannan haƙƙi na wanda ya riƙe gonarsa ne. Wanda ya riga ya sayar, sai kallo.

Har ila yau, kada a ɗauki na'urar tamkar boka. Fatar ƙasa kaɗai take karantawa, kuma jiƙaƙƙiyar ƙasa takan rage mata gani. Ba ta ganin litiyam ko kaɗan, zinariya ma da wuya ta kama ta a cikin ƙasa, sai dai a bi sawun wasu sinadarai da ke tafiya tare da su. Duk wanda ya nuna maka lamba a fuskar na'ura ya ce ka kawo kuɗi ku haƙa, ka ce masa sai an tabbatar a ɗakin bincike. Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya tana da irinsa a Kaduna, Jami'ar Ahmadu Bello kuma tana da nata a Zariya.

Amfaninta mafi girma shi ne tsaron rai. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma, inda ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida. Da irin wannan na'ura aka bi gida-gida aka gano ƙasar da ta gurɓace aka kwashe. A 2015 bala'in ya sake aukuwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Gari kamar Mararrabar Rido, wanda ya girma a gindin matatar mai da aka buɗe a 1980, ya cancanci a riƙa auna ƙasar lambunansa da filayen wasan yaransa.

Shawararmu ita ce Gwamnatin Jihar Kaduna ta ajiye na'urar da ƙwararren ma'aikaci a Kafancan da Kaduna, ta yanka kuɗin awo daidai ƙarfin manomi. Ƙungiyoyinmu na 'yan gari ɗaya da ke kudu su ware wani abu daga asusunsu don ɗauko masani da lauya. Kai kuma mai karatu, ka aika gida yau cewa kada kowa ya dangwala hannu a takarda sai an auna, an kuma karanta masa ita a gaban dagaci.

Allah ya sa arzikin ƙasarmu ya amfani 'ya'yanta.