Zaɓen Gwamna A Neja: Ana Tambayar Mutumin Suleja Wa Yake So, An Bar Tambayar Me Yake So

A duk lokacin da zaɓen gwamna ya ƙarato a Jihar Neja, zancen da ke cika rumfunan kasuwar IBB ta Suleja da tashoshin mota da majalisun dare bai wuce guda ɗaya ba, wato wa za a yi. Ana tambayar garin da ɗan takara ya fito, da ubangidan da ya tsaya masa, da nauyin aljihunsa, amma da wuya a ji wani ya ɗaga murya yana tambayar abin da za a yi wa gari. Ba a kan jama'a kaɗai laifin yake ba, domin ita kanta takardar ƙuri'ar da ake miƙa wa mutum a rumfar zaɓe ba ta ɗauke da komai sai alamun jam'iyyu. Ya dangwala yatsa a kan tsintsiya ko lema, ya koma shagonsa, shi ke nan an gama jin ta bakinsa sai bayan shekara huɗu.

A wasu ƙasashe ba haka abin yake ba. A jihohi da dama na Amurka, bayan sunayen 'yan takara, akan jera wa mai zaɓe tambayoyi a kan haraji ko cin bashi don gina makarantu da hanyoyi, ya amsa da i ko a'a, kuma abin da masu rinjaye suka ce shi ne doka. Alal misali, a shekarar 1978 mutanen Jihar Kalifoniya suka kaɗa ƙuri'a a kan shawara mai lamba 13, suka ƙayyade harajin gidaje da filaye a kan kashi 1 cikin 100 na darajarsu. Masu gidaje sun ji daɗi, amma fa ƙananan hukumomi da makarantu sun koma dogaro da abin da jiha ta yaga musu. Ashe dai tsarin yana da nasa ƙayoyin, kuma maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun ga wata fuskarsa a watan Agusta na 2009, lokacin da Shugaba Mamadu Tanja ya yi amfani da ƙuri'ar raba gardama don neman tazarce.

A nan gida kuwa, tsarin mulkin 1999 bai buɗe ƙofar raba gardama ba sai a wurare ƙalilan: ƙirƙiro sabuwar jiha ko ƙaramar hukuma a ƙarƙashin sashe na 8, da kuma yi wa ɗan majalisa kiranye a ƙarƙashin sashe na 69 da na 110. Babu inda aka ce a tambayi ɗan kasuwa ko ya yarda a ciwo bashi da sunan jiharsa, alhali kuwa daga harajinsa za a biya.

Shi kansa zaɓen mutumin, wanda aka ce shi ne haƙƙin mai ƙuri'a, a Neja akan yanke rabinsa tun kafin ranar zaɓe. Tun daga 1999 jihar ke bin tsarin karɓa-karɓa tsakanin shiyyoyinta uku, ba tare da an rubuta shi a wata doka ba. Injiniya Abdulƙadir Kure na shiyyar kudu ya yi shekara takwas, Dokta Mu'azu Babangida Aliyu na shiyyar gabas, wadda Suleja ke ciki, ya karɓa a 2007, Alhaji Abubakar Sani Bello na shiyyar arewa ya gaje shi a 2015, sannan mulki ya koma kudu a 2023. A zaɓen 18 ga Maris na wannan shekarar, manyan 'yan takarar biyu, Muhammad Umaru Bago na APC da Isa Liman Kantigi na PDP, duk daga shiyya guda suka fito, kamar yadda Sani Bello da Umar Nasko suka fito daga shiyya guda a 2015 da 2019. Ko shakka babu tsarin ya rage wa jihar rigingimun ƙabilanci, kuma ba ƙaramin abu ba ne a jihar da ta haɗa Nufawa da Gwarawa da Hausawa da Fulani da Kambari. To, amma yana da wata illa da ɗan kasuwa ya kamata ya lura da ita. Idan aka riga aka san cewa juyin wata shiyya ne, ɗan takara ya fi bukatar yardar wakilan jam'iyya a zaɓen fid da gwani bisa ga yardar mai sayar da atamfa a Suleja.

Alƙaluman zaɓen sun nuna yadda jama'a suka ɗauki lamarin. Bago ya sami ƙuri'a 469,896, Kantigi ya sami 387,476, a jihar da ke da masu rajista kusan miliyan 2.7. Ke nan cikin kowane mutum uku masu kati, kusan biyu sun yi zamansu a gida. Gaskiya ne an yi zaɓen cikin ƙuncin canjin takardun Naira, lokacin da 'yan tireda ke kwana a layin banki, kuma mutanen Suleja ba su manta da bam ɗin da ya tashi a ofishin hukumar zaɓe na garinsu ranar 8 ga Afrilu, 2011 ba. Duk da haka, a ganina, babban abin da ke zaunar da mutane shi ne rashin ganin alaƙa tsakanin dangwala yatsa da abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya.

Abin da ke damun Suleja kuwa ba ɓoyayye ba ne. Garin nan shi ne Abuja ta asali. Masarautarsa ce ta ba da suna da babban kaso na ƙasar da aka kafa sabon birnin tarayya a kai bayan dokar 1976, shi kuma ya ɗauki sunan Suleja daga Sarki Sulaimanu Barau. Tun da gwamnati ta tare a Abuja a watan Disamba na 1991, musamman kuma bayan rushe-rushen da aka yi a birnin tsakanin 2003 da 2007, Suleja da Madalla suka zama makwancin dubban ma'aikata da leburori da masu ƙananan sana'o'i, waɗanda ke sammako zuwa Abuja su dawo da dare. Ruwan da suke sha da asibitin da suke zuwa da sharar da suke tarawa duk a wuyan Neja suke. Bisa ƙa'ida, harajin albashin ma'aikaci na jihar da yake zaune ne, ko da a wani wuri yake aiki. Nawa ne ke shigowa Minna daga albashin waɗannan mutane, kuma nawa ne ke dawowa Suleja a matsayin kwalta da famfo? Da a ce ana rubuta tambaya a takardar ƙuri'a, wannan ce ta cancanci zama ta farko.

Sai kuma maganar hanya. Tun a 2010 aka ba da kwangilar tagwaita hanyar Suleja zuwa Minna, aka kwashe fiye da shekara goma ba a kammala ta ba, kuma duk mai ɗauko doya ko shinkafa daga cikin jihar ya san abin da ramukanta suka ci masa na taya da lokaci. Garin yana da ma'ajiyar man fetur ta ƙasa, saboda haka tankokin mai ba sa yankewa a hanyoyinsa, kuma fashewar tankar da ta auku a mararrabar Dikko a watan Janairu na 2025, wadda ta halaka mutane masu yawa, ta isa ta tuna wa kowa haɗarin da ke tattare da hakan. Amma a nan sai an yi hattara. Hanyar ta gwamnatin tarayya ce, kasuwanni da tashoshin mota kuwa tsarin mulki ya danƙa su ga ƙananan hukumomi. Ɗan takarar gwamna kan yi alkawarin abin da ba nasa ba don ya san ba za a kama shi a kai ba, ya kuma yi shiru a kan abin da ke hannunsa, kamar takardun mallakar fili da yawan masu karɓar haraji da ke bin shago ɗaya. Ko da yake, idan aka dubi yadda jam'iyyar da ke mulkin jiha ke lashe kusan dukkan kujeru a zaɓen ƙananan hukumomi a ƙasar nan, gwamna ba zai iya wanke hannunsa daga abin da ciyaman ke yi a kasuwa ba.

Masu binciken jin ra'ayin jama'a ma ba su cike wannan giɓi ba. Kafin zaɓen shugaban ƙasa na 2023, wasu sanannun bincike da aka yi ta wayar tarho sun ba Peter Obi rinjaye, alhali a cikin rahotannin nasu akwai ɗimbin mutanen da suka ƙi faɗin zaɓinsu ko suka ce ba su yanke shawara ba, daga bisani kuma Bola Tinubu aka bayyana. Mutumin da ke ɓoye wa baƙo sunan gwaninsa don gudun abin da ka je ya zo, ba zai ɓoye masa cewa kuɗin rumfa ya yi yawa ba. Tambaya a kan bukata ta fi samun amsar gaskiya bisa tambaya a kan mutum.

Saboda haka ne nake ganin tun da doka ba ta tanadi raba gardama a kan irin waɗannan al'amura ba, ƙungiyoyin 'yan kasuwar Suleja suna iya yin tasu kafin zaɓen 2027. Suna da abin da masu bincike ba su da shi, wato rajistar 'ya'yan ƙungiya layi-layi, daga masu hatsi zuwa masu kayan gini da direbobi da mahauta. A zaɓi al'amura uku ko huɗu waɗanda ke hannun gwamna kai tsaye, a kaɗa ƙuri'a a kansu a asirce, a ƙidaya a bainar jama'a, a buga sakamakon. Daga nan a kai wa kowane ɗan takara, na jam'iyya mai mulki da na adawa, a nemi amsarsa a rubuce, da adadin kuɗi da shekarar da zai sa aikin a kasafi. Wanda ya ƙi amsawa, a sanar da 'ya'yan ƙungiya cewa ya ƙi.

Hatsarin da ke ciki sananne ne, domin ba yau aka fara ganin shugabannin ƙungiya sun kai wa ɗan takara gaisuwa sun dawo da ambulan da alkawarin ƙuri'un da ba nasu ba. Maganin hakan shi ne kada ƙungiya ta ayyana goyon bayan kowa, aikinta ya tsaya ga tambaya da yaɗa amsa. Kuma takardar ba za ta ƙare da ranar zaɓe ba, don kuwa duk shekara gwamna na gabatar da kasafin kuɗi ga Majalisar Dokoki a Minna, kuma Suleja na da wakili a zauren. Shi ne mutum na farko da ya kamata a miƙa wa kofin amsar da wanda ya ci zaɓe ya sa wa hannu, tun kafin a fara muhawara a kan kasafin shekarar farko.